Ciwon mara a kasuwar Umdurman

Umdurman babban birni ne a ƙasar Sudan. Yana yamma da kogin Nilu, daura da Khartum. Kasuwarsa tsohuwa ce, ta bunƙasa tun bayan 1885. Akwai Hausawa a birnin, jikokin alhazan da suka bi hanyar Makka a ƙasa. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya ɓata rumfuna da yawa, ya kuma sa an rufe asibitoci da dama.

A kasuwa irin wannan, akan ga mutum ya dafe mararsa farat ɗaya. Mara ita ce ƙasan cibiya. Ciwon yakan soka kamar allura, ya lafa, ya dawo. Me ke kawo shi?

Mutanen Sudan suna son ful, wato dafaffen wake. Wake yana tara iska a hanji, ciki ya murɗa. Da iskar ta fita, sai ciwon ya wuce.

A watan Mayu zafin Umdurman yakan wuce digiri 40. Wanda ba ya shan ruwa sosai, bayan gidansa yana yin tauri. Tsakuwa ma tana iya taruwa a ƙodarsa. In ta gangaro, sai ciwo ya taso daga kuiɓi zuwa mara.

Abincin da ƙuda ya sauka a kai da ruwa marar tsabta suna kawo atuni da tsutsar ciki.

Ɗan dako mai ɗaukar kaya masu nauyi yana iya samun ƙaba. Hanji ne ke turowa ta matsematsi, wurin ya kumbura.

Yaro mai wanka a kogi ko a magudanar gonaki yana iya kamuwa da tsargiya. Alamarta jini a fitsari. Maganinta ƙwaya ce, ana kiranta praziquantel.

Ƴan mata kuwa sukan ji ciwon mara lokacin al'ada. Wannan yakan wuce bayan kwana biyu ko uku.

Mafi haɗari shi ne afendis. Wani ɗan reshen hanji ne mai tsawon yatsa, a gefen dama na mara. In ya kumbura, ciwon yana farawa daga cibiya, ya koma dama, yana ta ƙaruwa. In an yi jinkiri, yana iya fashewa. Maganinsa yawanci tiyata ne.

Yaron da mararsa ke ciwo ya gaya wa iyayensa, kada ya ɓoye. In ciwon ya ƙi lafawa, ko ya zo da zazzaɓi, da amai, ko jini, a kai shi asibiti nan take. Kada a ba shi maganin wankin ciki. Rigakafi ya fi magani: a wanke hannu da sabulu, a rufe abinci, a sha ruwa mai tsabta.

Tambayoyi
1. Ina mara take a jikin mutum?
2. Mene ne alamar tsargiya?
3. Yaushe ya kamata a kai yaro asibiti?