A Bar Ɗalibi Ya Maimaita Jarrabawar Gwaji

Tun daga 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, ɗalibai da dama ke shiga zauren jarrabawa hannunsu na rawa a kan linzamin kwamfuta. Ya kamata makarantu su bar ɗalibi ya yi ta maimaita jarrabawar gwaji ta intanet, domin ƙoƙarin tuno amsa ya fi sake karanta littafi zaunar da ilimi a ka, kamar yadda binciken Roediger da Karpicke na 2006 ya nuna. Masu suka na cewa yaro zai haddace amsoshi ne kawai. Maganin hakan shi ne kwamfuta ta riƙa sauya tambayoyi, ta bayyana dalilin kowane kuskure, a kuma bar tazarar kwanaki tsakanin gwaji da gwaji.