Malamai Baƙi da Hawan Dutsen Fuji

Tun 1987 gwamnatin Japan take ɗauko malamai daga ƙasashen waje domin koyar da Turanci. Da rani, waɗansunsu sukan haɗu a ƙarshen mako su tafi hawan Dutsen Fuji, mai tsawon mita 3,776.

Babban hatsarin tafiyar shi ne gaggawa. Malamin da aji ke jiransa ranar Litinin yakan kwana yana hawa ba hutu, alhali iska tana ƙaranci a sama, sai ciwon kai da amai su kama shi. Don hana irin wannan ganganci, a 2024 hukuma ta fara rufe hanyar Yoshida tun da yamma ga wanda bai kama masauki a kan dutsen ba. Mai hankali yakan kwana a masaukin, ya ƙarasa da asuba.