Karaoke da Tsofaffinmu: Wace Waƙa Za Mu Saka Musu?

 Ga waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba, ga shi a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau zancen kakanninmu da iyayenmu zan yi. Mu matasa kullum batunmu aikin yi, zaɓe, tsadar rayuwa. Amma a gidajenmu akwai tsoho ko tsohuwa da ke wuni a zaure ko a ɗaki, daga "ina kwana" sai "sai da safe". An ba su abinci, an sayo magani, hira ce babu. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa mutum 1 cikin 6 a duniya yana fama da kaɗaici, kuma kaɗaicin yana da alaƙa da ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da raunin ƙwaƙwalwa. To ni shawarar da na zo da ita mai araha ce: a tara su su rera waƙa tare.

Mene ne karaoke? Kalmar Japananci ce. "Kara" na nufin wayam, "oke" kuma gutsuren kalmar tawagar makaɗa ne. Wato kiɗa zalla babu muryar mawaƙi, kai ne za ka cike gurbin. Cikin waɗanda ake danganta ƙirƙirar na'urar da su akwai Daisuke Inoue, wani makaɗi a birnin Kobe, a 1971, kuma bai yi rajistar mallakar fasahar ba. A Japan yanzu tsofaffi suna cikin manyan masu yin ta, har a gidajen kula da su.

Na san wani zai ce ai wannan ba al'adarmu ba ce. Na'urar kam ba tamu ba ce, amma waƙar taro da amshi ai da ita muka tashi: waƙar daka, waƙar gaɗa, amada a gidan biki. Abin da ya rage shi ne zaɓen waƙa, kuma a nan ne yawanci ake kuskure, domin jika sai ya saka abin da shi yake so.

Ƙa'ida ta farko: ka lissafa shekarun samartakarsu. Masana ƙwaƙwalwa sun lura cewa abubuwan da mutum ya fi tunawa idan ya tsufa su ne na tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsa, kuma waƙa tana cikin abubuwan da suka fi daɗewa ko da mantuwar tsufa ta fara kama mutum. Mai shekara 70 yau, an haife shi ne a tsakiyar shekarun 1950. Ke nan kunnensa ya buɗe ne a zamanin rediyo da kaset, zamanin Zaɓi Sonka a Rediyon Kaduna. Can za ka nemo masa waƙa.

Ta biyu: ka fifita waƙa mai amshi. Amshi gajere ne, yana ta dawowa, ba ya buƙatar dogon numfashi, kuma wanda ya manta baiti zai iya shiga ba tare da jin kunya ba. Nan Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya fi kowa sauƙi. Kalangu yana tafiya daidai, 'yan amshi suna maimaita layi ɗaya. "Na Tsaya Ga Annabi Muhammadu" ta dace da kusan kowane zama. "Kumbo Apollo 11" kuwa za ta buɗe hira, domin akwai dattawan da suka tuna inda suke lokacin da aka ce mutum ya sauka a wata a 1969. Haka Alhaji Musa Ɗanƙwairo, musamman "Mai Dubun Nasara" ta Sardauna, amshinta ya dace da muryoyi da yawa a tare.

Amma fa kar ka ɗauko Bakandamiyar Shata ko ta Narambaɗa ka ce a bi ta daga farko har ƙarshe. Suna da tsawo, kalmominsu suna da nauyi. Waɗannan na sauraro ne da sharhi, a bar wani dattijo ya fassara wa yara abin da ake nufi.

Ɗanmaraya Jos, da ya rasu a 2015, shi daban ne. Shi kaɗai yake waƙa da kuntiginsa, babu 'yan amshi. Saboda haka waƙoƙinsa irin su "Karen Mota" da "Jawabin Aure" sun fi dacewa da mutum ɗaya mai ƙarfin hali ya karɓi makirufo, sauran su yi dariya su yi tafi. A kowane taro akwai irin wannan Baban, wanda ke jiran a ba shi dama kawai.

Ga iyayenmu mata, Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Daɗin amada shi ne ba ta ma buƙatar lantarki. Ƙwarya a kife a kan ruwa, da 'yan sanduna, shi ke nan an haɗa kiɗa. "A Kama Sana'a Mata" ta yi daidai. Sai dai a yi hattara, Barmani tana da waƙoƙin habaici ga kishiya, tana da masu barkwancin da ba a yi a gaban 'ya'ya. Idan Hajiya da abokiyar zamanta suna tabarma ɗaya, ka san abin da za ka tsallake.

Sai waƙoƙin Indiya. Kar ku yi dariya, wallahi akwai dattijon da ba ya jin kalma ɗaya ta Indiyanci amma ya haddace waƙar Mohammed Rafi ko Kishore Kumar ko Lata Mangeshkar tun zamanin da yake zuwa sinimar Plaza a Kano. Finafinai irin su Mother India na 1957 da Sholay na 1975 sun yi tashe a ƙasar Hausa sosai. Sauƙinsu shi ne ana samun kiɗansu zalla a YouTube, ba kamar namu ba.

Wannan ya kawo ni ga matsala ta zahiri. Yawancin waƙoƙin makaɗanmu na da an ɗauke su ne da kiɗa da murya a haɗe, don haka manhajojin da ke cire murya ba sa yi musu aiki mai kyau. Kar ka wahalar da kanka. Saka waƙar yadda take, ka rage sauti, su bi mawaƙin. Rubutu a allon talabijin ma ba dole ba ne. Wasu idon ya yi rauni, wasu ajami suka iya ba boko ba. Ya fi a samu jika ɗaya ya riƙa jan baiti, su kuma su amsa.

Ta uku: abin da za a guje wa. Waƙoƙin siyasa, domin tsohon ɗan NEPU da tsohon ɗan NPC har yau ba su gama musu ba. Waƙoƙin zambo da suka taɓa wani gida ko wani gari. Sannan ka tambaya kafin ka saka waƙar da ake dangantawa da wani mamaci a gidan. Wata tsohuwar za ta so ta ji ta ko da za ta yi hawaye, wata kuma ba ta shirya ba. Ita ce za ta zaɓa.

Akwai kuma dattawan da suka bar sauraron kiɗa saboda fahimtarsu ta addini. A girmama wannan, ba a tilastawa. Su ma akwai nasu: rubutattun waƙoƙi da ake rerawa babu kiɗa, kamar Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi na Zariya, wadda da yawansu sun haddace sassanta tun suna yara. Inda al'adar gida ta raba zaman maza da na mata, a raba.

Tsarin zaman kuwa ba wuya. Waya ɗaya, ƙaramar sifika, tabarma da kujeru ga masu ciwon gwiwa, ruwan sha a kusa. Bayan La'asar, a tashi kafin Magariba. Waƙa 5 ko 6 sun isa, domin hirar da ke biyo bayan kowace waƙa takan fi waƙar tsawo. Kar a ƙure sauti, ƙara tana damun kunnen tsoho. Kar a ba da maki, ba gasa ake yi ba. Abu na ƙarshe da nake roƙonku: kar ka ɗauki kakarka a bidiyo ka watsa a TikTok ba da izininta ba. Idan ta ga an mai da ita abin dariya, ba za ta sake buɗe baki ba.

Ranar 1 ga Oktoba ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa tsofaffi, amma ba sai mun jira ta ba. Aikin da na ba ku a wannan mako shi ne, kowa ya je ya tambayi tsohon gidansu: "Baba, wace waƙa kuka fi so kuna samari?" ko "Inna, me ake rerawa a bikinku?" Ku rubuto mana amsar a ƙasa, mu haɗa jerin waƙoƙin da kowa zai amfana.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.