Ciwon da ba ya jin magani

Dattawan ƙasar nan ba su manta da Nivaquine ba. Shekaru da dama ita ce garkuwar talaka a kan masassarar cizon sauro: ga araha, ga saurin aiki. Amma a 1978 aka fara ganin ta kasa a gabashin Afirka, kafin ƙarshen shekarun 1980 kuma abin ya iso Afirka ta Yamma. A yau an bar ta, an koma ga magungunan da aka haɗa da artemisinin, waɗanda suka fi ta tsada. Ƙwayar maganin ba ta lalace ba. Ƙwayar cutar ce ta saba da ita.

Wannan hanya ce magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin su fenisilin da amoksisilin, suke bi yanzu. Idan majinyaci ya sha abin da bai kai kima ba, raunanan ƙwayoyin cuta suna mutuwa, masu taurin kai su tsira, su hayayyafa, su kuma kama na kusa da shi. Alexander Fleming, Baturen da ya gano fenisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗi tun 1945. An ji, ba a ɗauka ba.

Kowa ya san mai tallan magani a tasha da ranar kasuwa, da farantinsa cikin rana. Ba ya awo, ba ya tambaya. Mai dala goma a ba shi na dala goma, ya haɗiye kafso biyu saboda mura, alhali irin wannan magani ba ya taɓa mura ko kaɗan. Laifin ba na talaka kaɗai ba ne, domin wanda gidan likita ya yi wa nisa, abin da ke kusa zai saya. Makiyaya ma suna ɗura wa dabbobi irin waɗannan magunguna ba da shawarar likitan dabbobi ba.

Masana sun ƙiyasta cewa a 2019 cututtukan da ba su jin magani sun kashe mutum miliyan 1 da dubu 270 a duniya, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki.

Tarin fuka ya fi nuna tsananin lamarin. Maganinsa wata 6 ne cur. Bayan wata biyu tari yakan lafa, jiki ya dawo, sai wasu su ajiye magani su koma gona. In ciwon ya dawo da taurin kai, sai an nemi wasu magunguna masu tsada da wuyar sha, kuma iyalin da ke kwana ɗaki ɗaya da majinyacin irin wannan tarin za su ɗauka.