Daga Oxford Zuwa Zamfara: Asalin Maganin Gubar Dalma

Mutanen Talata Mafara, Bakura da Maradun ba su manta da 2010 ba, shekarar da gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Maganin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ba yaran, DMSA, tushensa yaƙi ne. A 1940 Rudolph Peters, masanin sinadaran jiki a Jami'ar Oxford ta Ingila, da abokan aikinsa suka haɗa BAL, makarin iskar guba ta Lewisite. Allura ce, mai zafi kuwa. DMSA danginta ne, amma haɗiya ake yi: yana kama dalmar cikin jini, ta fita da fitsari. Sai dai ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta taɓu. Don haka, masu neman zinare, a daina niƙa dutse cikin gida, domin a ƙurar dutsen ne dalmar take.