Tantanin Ƙwayar Halitta da Ƙofofinsa

Jikin mutum tarin ƙwayoyin halitta ne, sama da tiriliyan talatin, kuma kowace ɗaya a lulluɓe take da wani tantani da ya raba cikinta da waje. Kaurinsa bai wuce nanomita 7 zuwa 8 ba. Sai an ɗora wajen dubu goma a kan juna kafin su kai kaurin takardar littafi. Duk da haka, abin da ƙwayar za ta ci da abin da za ta zubar, dole ta nan zai bi. Ranar da tantanin ya daina zaɓen abin da zai wuce, har cikin ƙwayar da wajenta suka zama daidai, to ta mutu ke nan.

Tun kafin a sami na'urar da za ta iya nuna shi, masana suka gano cewa da mai aka yi shi. A shekarun 1890, Charles Overton, wanda ke aiki a Zurik ta ƙasar Suwizalan, ya lura cewa sinadaran da ke narkewa cikin mai sun fi saurin shiga ƙwaya fiye da waɗanda ke narkewa cikin ruwa kawai. A 1925 wasu 'yan Holan biyu, Gorter da Grendel, suka tatso man da ke jikin jajayen ƙwayoyin jini, suka shimfiɗa shi a kan ruwa, suka auna faɗinsa. Sai suka ga ya ninka faɗin bayan ƙwayoyin sau biyu. Suka ce ashe tantanin ruɓi biyu ne. Daga baya an gano akwai kurakurai a awonsu, amma kurakuran sun cinye juna, amsar ta fito daidai. Ilimi ma wani lokaci yakan taki sa'a.

Sunan wannan mai fosfolifid. Kowace ƙwaya ɗaya tasa tana da kai mai son ruwa da jela biyu masu gudun ruwa. Da yake akwai ruwa a ciki akwai a waje, sai su jeru sahu biyu: kawuna suna fuskantar ruwa ta kowane ɓangare, jeloli sun ɓuya a tsakiya. Ba wanda ke jera su, ƙin ruwan ne ke tilasta musu. Shi ya sa in aka soki ƙwaya da siririyar allura, hudar takan rufe da kanta. Shi ya sa kuma sabulu ke da tasiri a kan ƙwayoyin cuta masu rigar mai, irin ta korona, domin yana wargaza wannan jeri.

Ana yawan kwatanta tantanin da ganuwar birni mai ƙofofi, kamar ta Kano, kuma kwatancen ya yi ta fuskar shiga da fita. Inda ya gaza shi ne ganuwa a kafe take, shi kuwa tantani kullum cikin motsi yake. Singer da Nicolson, a 1972, su suka bayyana shi a matsayin shimfiɗar mai mai kwarara wadda furotin iri-iri ke yawo a cikinta. Waɗannan furotin su ne ƙofofin. Akwai kuma kolesterol, wanda mutane ke jin sunansa da tsoro a asibiti, alhali aikinsa a nan shi ne hana tantanin yin ruwa-ruwa a zafi ko daskarewa a sanyi.

Wasu abubuwa ba su buƙatar ƙofa. Iskar oksijin da kabon dayoksaid ƙanana ne, ba su ɗauke da cajin lantarki, saboda haka sukan ratsa man kai tsaye, daga inda suka yi yawa zuwa inda suka yi ƙaranci. Da haka oksijin ke barin huhu ya shiga jini ba tare da jiki ya kashe ko ɗigon ƙarfi ba. Barasa ma haka take ratsawa, shi ya sa ba ta daɗewa kafin ta isa ƙwaƙwalwa. Amma sodiyam da fotasiyam, duk ƙanƙantarsu, cajin da ke jikinsu ya hana su bi ta cikin mai. Sukarin gulukos kuwa girma ya yi masa yawa. Waɗannan sai ta ƙofa, kuma kowace ƙofa ta san nata: ta fotasiyam ba ta barin sodiyam ya wuce, ko da yake sodiyam ɗin ya fi ƙanƙanta.

Maganar ruwa ta fi ɗaukar hankali. Yanka tumatir ka barbaɗa masa gishiri ka bar shi a faranti. Kafin minti goma za ka ga ruwa ya taru a ƙarƙashinsa, yankan ya yi laushi ya saki. Ruwa yakan bi ta tantani ya nufi ɓangaren da gishiri ko sukari ya fi yawa, abin da masana ke kira osmosis. In aka juya lamarin, aka jefa jar ƙwayar jini cikin tsurar ruwa, sai ta sha ta kumbura har ta fashe. Dalilin da ya sa ruwan da ake ƙara wa majinyaci ba tsurar ruwa ba ne ke nan: giram 9 na gishiri ake sa wa kowace lita, don ya yi daidai da jini. An daɗe ana zaton ruwa tsiyaya kawai yake ta cikin man, sai a 1992 Peter Agre na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ya nuna cewa yana da ƙofarsa, wadda aka raɗa wa suna akwaforin. Ya sa ƙwan kwaɗo ya ƙera wannan furotin, ya tsoma shi a ruwa mai ƙarancin gishiri, cikin 'yan mintuna ƙwan ya kumbura ya fashe, waɗanda ba su da furotin ɗin kuwa suna nan lafiya lau. Ta irin waɗannan ƙofofi ne ƙoda ke mayar wa jini kusan dukkan lita 180 da take tacewa a rana, ta bar lita ɗaya da rabi ta fita a matsayin fitsari.

Duk wannan gangara ce, ba ta cin ƙarfi. Babban aikin yana wurin tura abu zuwa inda ya riga ya yi yawa. A 1957 Jens Skou, ɗan ƙasar Denmak, yana bincike a kan jijiyoyin ƙaguwa, ya gano wani furotin da ke aiki kamar famfo. Kowane zagaye yana fitar da sodiyam uku ya shigo da fotasiyam biyu, ya ƙona ƙwaya ɗaya ta ATP, wato makamashin da ƙwayar ke samu daga abinci. Ba ya hutawa dare da rana, kuma a ƙwayoyin jijiya yana lashe fiye da rabin makamashinsu. Za a ce ɓarna ce. Ba ɓarna ba ce, ajiya ce. Sodiyam ɗin da aka tara a waje yana matsin komawa ciki, kuma da wannan matsi ne jijiya ke aika saƙo, tsoka ke motsi, zuciya ke bugawa. Skou ya sami lambar Nobel a 1997, shekara arba'in bayan bincikensa.

Wannan ajiya tana da wani amfani da ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa. A 1960 Robert Crane ya bayyana cewa a bangon hanji akwai ƙofar da ba ta buɗewa sai sodiyam da gulukos sun zo tare. Sodiyam na gangarawa ciki, ya ja gulukos, ruwa kuma ya bi bayansu. To, dafin kwalara abin da yake yi shi ne ya bar wata ƙofar gishiri a hanji a wangame, gishiri na zuba cikin hanji ruwa na binsa, har mai tsananin ciwo ya iya rasa lita guda cikin awa ɗaya. Amma dafin bai taɓa ƙofar sodiyam da gulukos ba. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, ruwan ƙari ya yi ƙaranci a wani sansanin 'yan gudun hijira da ke Bangaon a Indiya. Likita Dilip Mahalanabis ya sa aka dinga shayar da marasa lafiya ruwan gishiri da sukari, sai mace-mace suka sauko daga wajen kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4.

Wannan shi ne ruwan gishiri da sukari da ake ba yaranmu in gudawa ta kama su, musamman da damina. Sai dai awo ba abin wasa ba ne a nan. In sukari ya yi yawa, osmosis zai juya, ya jawo ruwa daga jiki zuwa hanji, gudawar ta ƙaru. In gishiri ya yi yawa, zai iya cutar da yaro. Wanda ya sami ƙunshin ORS na kemis ya bi abin da aka rubuta a jikinsa. Wanda bai samu ba, ya sa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a cike ba, cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, a dinga ba yaron kaɗan-kaɗan a kan hanyar zuwa asibiti.