Kafin ɗalibi ya sa hannu a Wikipedia

Idan yaro ya dawo daga Islamiyya da aikin gida a kan rayuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, abin da ya fi kusa da hannunsa a yau shi ne wayar mahaifiyarsa, kuma sau da yawa shafin da zai fara buɗe masa na Wikipedia ne. Abin da ya tarar a can shi zai kwafa, daidai ne ko kuskure. Saboda haka muna farin ciki da ganin ɗalibanmu sun fara shiga wannan kundin ilimi suna gyara, musamman sashensa na Hausa. Sai dai wasu kan shiga da zumuɗi, a goge rubutunsu kafin gari ya waye, su fita suna zargin ƙiyayya. Galibi abin da ya faru shi ne sun shiga gida ba su tambayi ƙa'idarsa ba.

Jimmy Wales da Larry Sanger ne suka buɗe Wikipedia a ranar 15 ga Janairu, 2001, kuma yanzu ana rubuta ta da harsuna sama da 300. Gidauniyar Wikimedia, wadda aka kafa a 2003, ita ke riƙe da na'urorin, amma 'yan sa kai ne ke rubutu da gyara. Kowane sashen harshe yana da nasa tsare-tsaren, sai dai ginshiƙan kusan iri ɗaya ne.

Ginshiƙin da ya fi kayar da sabon shiga shi ne madogara. A can saninka kaɗai ba hujja ba ne, ko da kai ganau ne. Abin da za a tambaye ka shi ne: wa ya faɗa, a wane littafi ko jarida, a shafi na nawa? Bai kamata wannan ya zama baƙon abu ga wanda ya zauna a zauren karatu ba, domin malaman hadisi sun shafe ƙarnoni suna auna maruwaita kafin su karɓi zance. Bambancin shi ne isnadin Wikipedia rubutacce ne, wanda baƙo a Accra ko Khartum zai iya nema ya duba da kansa. “Na ji daga bakin Malam” magana ce mai daraja a zaure, amma a can ba ta tsayar da jumla. Haka saƙon WhatsApp da rubutun Facebook.

Mu ɗauki misali. Ɗaliba tana son ƙara bayani a kan Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, da tsarin 'yan taru da ta kafa don karantar da matan karkara. Idan ta rubuta abin da kakarta ta ba ta labari, wani na iya cire shi, kuma ƙa'ida tana tare da shi. Idan kuwa ta jingina zancen ga littafin Jean Boyd, The Caliph's Sister na 1989, ta ambaci shafi, ya zauna daram. Abin da ba a yarda da shi ba kuma shi ne mutum ya karanta Infaƙul Maisuri na Sultan Muhammadu Bello, ya ciro wata sabuwar fahimta tasa, ya shigar da ita a matsayin tabbataccen tarihi. Wannan bincike ne na kai, mazauninsa mujallar ilimi.

Sai tsaka-tsaki, kuma a nan mu masu hawa mumbari muka fi buƙatar riƙe harshe. Mun saba da rinjayar da magana, mu ce wannan shi ne daidai. Maƙalar kundi kuwa aikinta ta bayyana wa ya ce me. Wanda zai yi rubutu a kan ƙablu da sadlu zai kawo riwayar Ibnul Ƙasim a Mudawwana da masu sakin hannu suka dogara da ita, ya kawo abin da ya zo a Muwaɗɗa na ɗora dama a kan hagu, ya jingina kowane ga masu shi, ya tsaya. Kalmomi irin su “ɓatattu” ko “gwarzon zamani” ba su da gurbi. A sashen Turanci ma akwai rubutacciyar ƙa'ida ta barin laƙabobin girmamawa da salati bayan suna. Wannan kan sosa ran ɗalibi, kuma mun fahimta. Shawararmu ita ce ya yi salatinsa da harshensa, babu mai hana shi, kada ya ɓata makonni yana sakawa ana cirewa.

A yi hattara ƙwarai da rubutu a kan rayayyen mutum. A 2005 wani ya rubuta a sashen Turanci cewa an taɓa zargin ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler da hannu a kisan Shugaba Kennedy da ɗan'uwansa. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ta yi kusan wata huɗu a shafin. Bayan wannan badaƙala aka tsaurara dokar tarihin rayayyu, har ya zama zargi marar madogara ana cire shi nan take. Mu dai mun san hukuncin ƙazafi tun kafin a ƙirƙiri intanet. Ta ɗaya ɓangaren, rubuta tarihin malaminka ko ƙungiyarka ma tarko ne, domin soyayya kan karkatar da alƙalami kamar yadda ƙiyayya ke yi. Wanda aka biya don ya yi rubutu kuwa, sharuɗɗan gidauniyar tun 2014 sun wajabta masa ya bayyana hakan.

A aikace, a buɗe asusu, a fara da ƙanana: gyaran ƙa'idar rubutu, mayar da ƙ da ɗ da ɓ inda aka yar da su, ƙara madogara ga jumlar da ba ta da ita. A riƙa rubuta taƙaitaccen dalili a ƙarƙashin kowane gyara, domin komai yana ajiye a tarihin shafi da sunan mai shi. Kada a kwafo sakin layi daga littafi ko jarida, haƙƙin wani ne. A karanta, a fahimta, a faɗa da kalmomin kai. Fassarar na'ura da ba a tace ba ita ma ta cika wasu maƙalun Hausa da jumlolin da Bahaushe ba zai gane ba.

Idan aka soke gyaranka, kada ka mayar da shi da ƙarfi. A sashen Turanci, soke gyaran wasu fiye da sau 3 a shafi ɗaya cikin awa 24 na iya jawo a dakatar da mutum. Kowace maƙala tana da shafin tattaunawa a bayanta. Can za ka je, ka yi sallama, ka ajiye sunan littafinka da lambar shafi, ka ba abokin saɓaninka kwana biyu ya duba.